In na ƙara iska ta yi tauri, in na rage ta buga ƙasa: yaya zan saita shakazobar bayan kekena?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya sayi keken hawan dutse na hannu mai shakazobar iska a baya. Tayar baya tana da tafiyar milimita 150, wato iyakar nisan da take iya ɗagawa sama idan shakazobar ta shiga, girman shakazobar kuma 210x55 ne. Nauyinsa kilo 80. Ya ce duk lokacin da ya diro daga tudu sai ya ji ta ƙure ta buga kwam, don haka ya yi ta ƙara iska har ya kai psi 230 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne). Bugun ya ragu, amma yanzu bayan keken ya yi tauri, taya tana ta tsalle a kan ƙananan duwatsu. Ban da haka, duk sanda ya ɗaura famfo sai ya tarar iska ta ragu da kusan psi 10. Yana so ya sani, yoyo take yi, ko ta mutu ne ya nemi wata?

Ɗan'uwa, kada ka yi saurin sayen wata. Abin da ka bayyana bai nuna ta mutu ba. Ya nuna kana neman famfo ya yi maka aikin da ba nasa ba ne. A jikin shakazobar nan akwai abubuwa huɗu da ake saitawa, wato yawan iska, girman ɗakin iskar, jan maɓalli da shuɗin maɓalli, kowanne da matsalar da yake warwarewa, kai kuwa ɗaya kawai kake taɓawa.

Bari mu fara kawar da maganar yoyo, don ita ce mai sauƙi. Ɗakin iskar shakazoba ƙarami ne ƙwarai. Lokacin da ka murɗa bakin famfo a kan bawul, iskar ciki ce take fita ta cika tiyon famfon da gejinsa kafin allura ta motsa. Wannan kaɗai ya isa ya cinye psi 10 ɗin da kake gani. Shi kuma "fis" ɗin da kake ji idan kana cirewa, iskar da ta rage a tiyo ce, bawul ya riga ya rufe kafin nan. Ga yadda za ka tabbatar: ka buga zuwa wani adadi, ka cire famfon, ka mayar da shi nan take, ka rubuta nawa ya ragu, sannan ka sake bugawa zuwa adadin farko ka cire. Bayan kwana uku ka sake ɗaurawa. Idan ragin bai wuce na farko ba, babu yoyo. Idan ya wuce sosai, ka shafa ruwan sabulu a bakin bawul da bakin gwangwanin iska, wato ɓangaren nan mai kauri da iskar take ciki, ka nemi kumfa. Sau da yawa 'yar ƙwayar cikin bawul ce ta saki, a ɗan ɗaure ta magana ta ƙare. Kuma famfo ɗaya za ka riƙa amfani da shi kullum, domin gejin famfo biyu ba kasafai suke faɗin abu ɗaya ba.

Yanzu ga abin da ke cikinta. Abubuwa biyu ne aka haɗa a jiki ɗaya. Na farko iska, ita ce a madadin sifirin, ita take ɗauke da nauyinka. Na biyu mai, wanda ake tilasta wa bi ta ƙananan kafofi, shi yake hana shakazobar shiga ko dawowa da gudun da ya wuce kima. Famfo iska kawai yake taɓawa. Maɓallan da ke jiki, ja da shuɗi, man suke taɓawa.

Ita kanta iskar ɗaki biyu take zaune. Babban ɗakin yana tura shakazobar ta miƙe. Ƙaramin yana ɗaya gefen fistan, yana tura ta ciki, don ya sauƙaƙa farkon motsi. Ba don shi ba, sai ka haɗu da dutse babba kafin ta ko motsa. Bawul ɗaya ne yake ciyar da su duka: akwai wani ɗan lotso a bangon gwangwanin daga ciki, idan fistan ya zo daidai wurin sai iska ta ratsa daga wannan ɗaki zuwa wancan. Haka tsarin EVOL na Fox yake, haka DebonAir na RockShox, dukansu kamfanoni ne masu ƙera shakazoba. Wannan yana da muhimmanci gare ka, domin idan ka buga psi 230 a tashi ɗaya ba ka danna keken ba, babban ɗaki ne kawai ya cika. Shi ya sa Fox suka ce a riƙa ƙarawa psi 50 a lokaci guda, a danna shakazobar a hankali zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tafiyarta sau goma, sannan a ci gaba. Idan ka kasa kunne za ka ji ɗan sautin iskar tana ratsawa, allurar geji kuma ta ɗan sauka.

Kafin ka auna komai, tunda keken na hannu ne, ka yi wannan gwajin. Ka tsaya gefensa ka ɗora tafin hannu a kan sirdi, ka ƙara nauyi sannu a hankali. Lafiyayyar shakazoba tana fara shiga sumul. Wadda robobinta na ciki masu tare iska suka bushe takan cije, sai ta saki lokaci ɗaya. Idan taka haka take, to rabin taurin da kake kuka da shi ba iska ba ce, gogayya ce, kuma duk awon da za ka yi ƙarya zai faɗa maka. A wannan hali sabis ɗin gwangwani ne farko, zan zo kansa a ƙasa.

Idan tana motsi lafiya, sai awon lotsawa, wato yawan shigar da take yi da nauyinka kaɗai kana zaune. Dalilin barin ta ta lotsa shi ne hanya ba tudu kawai gare ta ba, akwai ramuka. Taya tana buƙatar sarari ta faɗa cikin rami ta ci gaba da riƙe ƙasa. Keken da bai lotsa ba, tayarsa shawagi take yi a kan kowane rami, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta da birki, ba ta da riƙo a kwana.

Abin da ake so a baya shi ne kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. A nan mutane da yawa suke kuskure: a kan tafiyar shakazobar ake lissafi, ba a kan tafiyar taya ba. A lambar nan 210x55, ta farko tsawonta ne daga ido zuwa ido, wato ramukan nan biyu da ake ɗaure ta a jikin keke, ta biyu ita ce tafiyarta. Saboda haka kashi 30 naka milimita 16.5 ne, kashi 25 kuma kusan 14. A keke mai tafiyar 150 ni daga 30 nake farawa, sai in kamfanin keken ya faɗi wani adadi daban, nasu shi ne gaba. RockShox sukan zana ma'aunin a jikin sandar da take shiga cikin gwangwani, Fox kuwa sai ka sa rula.

Wurin farawa da iska: Fox suna ba da shawarar a fara da psi daidai da nauyin mutum a ma'aunin fam. Kilo ɗaya fam 2.2 ne, kilo 80 ya zama 176. Ka fara da 180 tunda akwai hular kwano, takalmi da ruwan sha. Amma wannan mafari ne kawai. Firam ɗin keke yana aiki a kan shakazoba kamar maɗaga: naka taya tana tafiyar 150 yayin da shakazobar take tafiyar 55, kusan ninki 2.7 ke nan. Wani keken ninkinsa ya fi haka, wani bai kai ba. Shi ya sa abokinka mai nauyi ɗaya da kai zai iya hawa da 160 kai kuma kana buƙatar 195, kuma dukanku daidai kuke. Kada ka ari lambar kowa. Kada kuma ka wuce iyakar da aka rubuta a jikin gwangwanin.

Ga yadda ake awon. Ka buɗe shuɗin maɓallin nan duka. Ka sa kayan da ka saba hawa da su, har jakar baya in kana ɗauka. Wani ya riƙe maka kan keken, ko ka jingina gwiwar hannu da bango. Ka hau, ka yi 'yan sukuwa kaɗan don robobi su saki, sannan ka zauna shiru kamar daƙiƙa biyar. Kada ka riƙe birki, domin yana hana taya matsawa yadda take so. Ka miƙa hannu ka tura zoben robar nan na jikin sanda har ya taɓa bakin gwangwani. Sannan ka sauka a hankali, ka karkata gefe ka sa ƙafa a ƙasa ba tare da ka ƙara danna sirdi ba. Tazarar da ke tsakanin zoben da bakin gwangwani ita ce lotsawarka. In ta wuce 16.5, ƙara psi 10. In ba ta kai ba, rage 10. Kowane canji ka danna keken ɗakunan su daidaita, ka cire famfo, sannan ka sake aunawa. Wasu a tsaye kan feda suke aunawa, ba laifi ba ne, amma duk wanda ka zaɓa ka tsaya a kansa, don ba sa ba da lamba ɗaya. A psi 230 da kake kai yanzu, ina kyautata zaton lotsawarka ta yi ƙasa da abin da ake so sosai, kuma wannan shi ne tsallen da tayar take yi.

To, za ka ce, in na koma 180 ai bugun zai dawo. Gaskiya ne, mai yiwuwa ya dawo, kuma a nan gizo yake saƙar.

Da farko ka tabbatar ƙurewa take yi da gaske. A shakazoba da yawa sandar da ke waje ta fi tafiyar tsawo, don haka zoben ba zai taɓa kaiwa ƙarshen sanda ba ko ta ƙure. Ka auna milimita 55 daga bakin gwangwani, nan ne iyakarka. Kuma ka sani, kaiwa iyaka sau ɗaya ko biyu a dirar da ta fi kowacce girma ba aibi ba ne. Tafiyar da ka saya ce kake amfani da ita. Abin da ba a so shi ne bugun ƙarfe da kake ji har a idon sawu, ko ƙurewa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Maganin wannan ba ƙarin iska ba ne, rage girman ɗakin iska ne. Ka ɗauki sirinji marar allura, ka toshe bakinsa da yatsa ka danna: farko yana shiga da sauƙi, can ƙarshe ya ƙi. Duk lokacin da ka matse iska zuwa rabin wurinta, ƙarfinta yana ninkawa. Ga misali da lambobi na kwatance kawai. A ce ɗakin yana da girman 90 a miƙe, fistan yana cinye 60, saura 30 a ƙarshe. Iskar ta matsu ninki uku, 180 ta zama wajen 540. Yanzu ka jefa wata roba a ciki da ta cinye wurin 10. Farko ya zama 80, ƙarshe ya zama 20, ninki huɗu ke nan, 180 ɗin nan ta zama wajen 720. Dubi abin da ya faru: farkon tafiya kusan bai canja ba, laushin yana nan, amma ƙarshen ya yi ƙarfi da kashi ɗaya cikin uku. Famfo ba zai iya yin wannan ba, domin shi yana ƙara tauri ne tun daga farko har ƙarshe.

Robobin cike gurbin nan kowane kamfani da nasa, RockShox suna kiran nasu Bottomless Tokens. Ka nemi wadda aka yi domin samfurin shakazobarka, kuma ka duba iyakar da aka yarda a sa wa girman taka, domin wucewa yana iya lalata ta. Ka ƙara mataki ɗaya tak, ka sake auna lotsawa, ka je ka gwada a wurin da take bugawa. Ina gargaɗinka da cikawa da yawa. Na fi ganin kekunan da aka cusa wa robobi har suka daina amfani da kashi ɗaya cikin biyar na ƙarshen tafiyarsu, mai keken yana jin kamar ya ci karo da bango a tsakiya. Idan bayan hawa mai tsanani zoben bai kusanci iyaka ba alhali lotsawa daidai take, cire roba ake yi. Tunda keken na hannu ne, buɗe gwangwanin don sa robar ma zai nuna maka abin da mai shi na farko ya bari a ciki, wataƙila babu ko ɗaya.

Sai jan maɓalli, mai kula da saurin dawowa. A ganina wannan ne aka fi zalunta, don mutane da yawa ba su taɓa juya shi ba tun da suka sayi keke. Ƙa'idar ita ce: iska mai yawa tana turo shakazoba da ƙarfi, don haka tana buƙatar ƙarin riƙo. Kai ka tashi daga ƙasa zuwa 230 ba ka taɓa jan maɓallin ba, ke nan bayan keken yana harbo ka. Wannan ma yana cikin tsallen.

Ana ƙirga shi ne daga rufe. Ka juya shi hannun dama har ya tsaya, a hankali, kada ka ƙwaƙule shi da ƙarfi, sannan ka dawo hagu kana ƙirga kowane ƙas. Littafin shakazobar yana da jadawalin ƙas nawa ya dace da psi nawa, ka fara daga nan. In babu, fara daga tsakiya. Gwajin farko: kana zaune a sirdi ka sauko daga dakalin gefen titi da gudun tafiyar ƙafa. Bayan keken ya kamata ya shiga, ya dawo, ya ɗan wuce kaɗan, ya zauna. Idan ya yi ta lilo sau biyu ko uku, ya yi sauri, rufe ƙas ɗaya. Idan ya dawo a kasalance bai ko ɗan wuce ba, buɗe ƙas ɗaya.

Gwaji na biyu a hanya ne, kuma shi ne na gaskiya. Ka nemi wuri mai duwatsu ko saiwoyi a jere. Dawowa mai jinkiri tana da wata yaudara: shakazoba ba ta gama miƙewa daga bugun farko ba na biyu ya iso, na uku ya same ta can ciki inda iska ta yi tauri. Mahayi sai ya ji keken ya yi tauri ya rage iska, alhali buɗe jan maɓalli ƙas biyu ne maganin. Alamarta ita ce dutsen farko da daɗi, na biyar kuwa kamar babu shakazoba. Mai sauri da yawa kuma tana ɗaga bayan keke a bakin tsalle ta tura ka gaba ta saman kan keken, wannan ita ce mai haɗari. Ni ina barin ta a mafi saurin da ba ya harbi, kuma ina tabbatarwa baya bai riga gaba dawowa ba. Ka tsaya kan feda ka danna keken duka a fili, gaba da baya su taso tare.

Shuɗin ba shi da dogon bayani. In hannu ne mai matsayi biyu ko uku, a buɗe ake saukowa da shi, a rufe ake hawan tudu marar gargada ko kwalta. A hawa mai duwatsu ma buɗewa ta fi, don taya ta riƙe ƙasa. In kuma maɓalli ne mai ƙas, yana kula da motsin da shakazoba take yi a hankali, irin na taka feda, birki da kwana, ba ruwansa da gudun keken. Ka bar shi kusa da buɗe, ka ƙara ƙas ɗaya ko biyu kawai idan keken yana nutsewa a kwana. Kada ka rufe shi don maganin ƙurewa, laushin za ka kashe.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in kana canja abu biyu a tare. Ka zaɓi gajeriyar hanya ɗaya da ka sani, ka yi ta maimaita ta, canji ɗaya a kowane zagaye, ka rubuta psi, ƙas da adadin roba a waya. Ka duba iskar taya ma kafin ka zargi shakazoba, taya mai tauri tana ɓata komai. Zafi da sanyi kuma suna taɓa ta: daga digiri 20 zuwa 35 ƙarfin iska yana ƙaruwa da kusan kashi 5 cikin ɗari, wajen psi 10 ke nan a kan 200. In yanayi ya juya, sake auna lotsawa.

Yanzu kula da ita. Na kullum bai wuce minti ɗaya ba: bayan kowane hawa ka goge sandar da bakin robar ƙura, wato wadda ke bakin gwangwani tana hana datti shiga, da tsumma mai laushi mai tsabta. Ƙurar da ta kwana a nan ita ce gobe za ta shige ciki. Kada ka nufi robar da ruwa mai ƙarfi na injin wanki, yana tura datti ciki ne. Kada ka fesa mata WD-40 ko abin wanke giris, suna wanke man da robobin suke rayuwa da shi. Ka riƙa shafa yatsa a sandar kana neman ƙarzuwa. Wadda farce yake kamawa za ta yi ta yanka roba tana zubar da iska. Idan kuma ka ga launin sandar ya fara koɗewa a wuri ɗaya, an daɗe ana hawa a bushe, ka tsaya da hawa har a duba.

Sabis ɗin gwangwanin iska shi ne aikin da ya fi kowanne biyan wahalarsa. RockShox sun ce a yi shi duk bayan awa 50 na hawa, babban sabis kuma na samfuransu Deluxe da Super Deluxe a awa 200. Fox sun ce cikakken sabis duk awa 125 ko shekara guda, wanda ya riga zuwa. Mai hawa cikin ƙura ko laka ya rage tazarar. Man da ke cikin gwangwanin ɗan kaɗan ne, kusan mililita 2 a yawancinsu, kuma kowace shiga da fita tana fitar da wani abu daga ciki.

Aiki ne da mai natsuwa zai iya a gida, amma matakin farko ba a wasa da shi. Ka rubuta saitinka, ka sa tabarau na kariya. Ka fitar da iska a hankali ta maɓallin famfo, kana tsayawa kana danna keken don ƙaramin ɗakin ma ya saki tasa. In ka sake ta gaba ɗaya lokaci guda, iskar ƙaramin ɗaki takan maƙale ta tsotse shakazobar ciki. Bayan ka cire famfo ka danna ƙwayar bawul ka tabbatar babu saura. Idan ka ga shakazobar ta ƙanƙance ta ƙi miƙewa, ka sake buga mata iska ka danna ta, sau da yawa takan saki. In ta ƙi, kada ka buɗe ta ko kusa. Akwai iska mai ƙarfi a kulle a ciki, gwangwanin zai iya fita da gudun da zai raunata ka. Wannan aikin masu sabis ne.

In komai lafiya, ka cire ta daga keken, ka kama idonta a bais mai laushin baki, ba jikinta ba. Ka zura tsumma ta ɗaya idon don ya tare gwangwanin in ya yi tsalle. Yawancinsu da hannu ko da madaurin roba ake kwance su, wasu kuma zobe ne yake riƙe su, don haka ka buɗe littafin samfurinka a gabanka. Abin da za ka gani a ciki zai ba ka labarin keken: lafiyayya tana da ɗan mai mai haske yana sheƙi a bango, wadda aka yi wa sakaci kuwa za ka tarar da baƙin kwaɓi a bayan robar ƙura, bangon kuma a bushe ƙamas. Ka wanke da sifirit mai tsabta irin na isofurofil da tsumman da ba ya zubar da zare. Ka duba bangon ciki a haske ko akwai zane. Robobin ka cire su da tsinken roba ko ka matse su da yatsa su taso, kada ƙarfe ya taɓa mazauninsu, domin zane ɗaya a nan yoyo ne na dindindin. Ka jera tsofaffin a kan tebur yadda ka ciro su, don fararen zobban da ke tallafe da baƙar robar su koma inda suke. Ka tabbatar babu wadda ta murɗe. Giris na shakazoba za ka shafa, irin su Slick Honey ko wanda kamfanin ya ambata, shafa mai kauri kaɗan a kan robobi kawai. Yawansa illa ne, yana toshe ɗan lotson da ɗakunan biyu suke shaƙar juna ta ciki. Ka zuba man da aka ce gwargwadon da aka ce, ka tura gwangwanin ka ɗaure. Zai yi maka gardama wajen kama zare saboda iskar da ta kulle, ka danna da ƙarfi amma ka tabbatar zaren ya hau daidai. A wannan buɗewar ce za ka sa robar cike gurbinka, aiki ɗaya ya biya biyu.

Ɓangaren mai kuwa ka bar shi. A cikinsa akwai wani fistan mai yawo da iskar naitirojin ko iska mai tsananin matsi a bayansa, ita take hana man yin kumfa. Akwai 'yar kusa ko toshiya a jiki da take kama da wurin sa iska, kada ka taɓa ta. Alamomin da ke cewa lokacinsa ya yi: sautin caɓal caɓal idan ka danna, maɓallan da ka juya daga ƙarshe zuwa ƙarshe ba ka ji bambanci ba, hannun kullewa da ya daina kullewa, ko mai da yake ta fitowa a sanda bayan ka goge. Ɗan danshin mai a kwanakin farko bayan sabis ba komai ba ne. Ka yi gwajin jan maɓallin tun yau: rufe shi duka ka danna sirdi, ya kamata keken ya taso a hankali ƙwarai. In ya taso da sauri kamar ba ka rufe ba, babu saitin da zai gyara shi.

Wani abu da ake ɗora wa shakazoba laifinsa alhali ba nata ba ne: ka ɗaga keken kaɗan ta sirdi ka sauke. In ka ji ƙwas kafin taya ta bar ƙasa, bushin ɗin idon shakazoba ne ya ci, ko boris na gaɓoɓin firam. Bushin an yi shi ne don ya ci a canja shi, amma in aka bar shi sai ya fara cin kusar da idon kansa. Lokacin da shakazobar take cire, ka ɗaga bayan firam da hannu sama da ƙasa, ya kamata ya tafi sumul babu cijewa babu gurnani. Wajen mayarwa ka ɗaure kusoshin da sifana mai awo zuwa adadin da kamfanin keken ya rubuta, kuma kafin ka buga iska ka danna keken har ƙarshe a hankali ka ga babu abin da yake gogar firam ko taya.

Tunda ba ka san ranar da aka yi wa wannan shakazobar sabis na ƙarshe ba, ka ɗauka ba a taɓa yi ba. In gwajin jan maɓalli ya nuna man yana aiki, sabis ɗin gwangwani da sababbin robobi ya ishe ka yanzu, ka fara ƙirga awanninka daga ranar. In bai nuna ba, ka kai ta a yi mata cikakke, kuma ka gaya wa mai aikin nauyinka da sunan keken, ka roƙe shi ya faɗa maka robar cike gurbi nawa ya tarar a ciki.